Baba Ya Sha Fura da Hagu

Malesiya, Asabar

Zuwa ga ƙanena Boyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da matarka Iklima da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai ruwan saman ƙasar nan da ba ya ɗaukewa, da karatun da ya sa ni gaba.

Na koma rubuto maka imel ne saboda waya ta gagare mu. In na kira, ko dai kuna barci, ko ina asibiti, ko kuma wayarka ta kama sabis ɗin Nijar in ji wata mata tana yi mini Faransanci. Rubutu kuwa zai jira ka har ka samu sabis.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba ta hagu, abin da nake ji daga gare ku shi ne "da sauƙi". Boyi, gashi da motsa jiki shi ne aikina, shi ne kuma ya kawo ni nan ƙaro karatu. Kullum ina koya wa iyayen wasu tafiya, nawa uban kuma ban ga takunsa ba. "Da sauƙi" ba ta gaya mini yadda yake ɗaga ƙafa, ko yadda hannun yake rataye. Ina son in gani da idona, don in san irin motsin da za ku riƙa yi masa.

Hoton wayarka dishi-dishi yake, don haka ka aro kyamara wurin Mukhtari mai ɗaukar biki. Ka ɗauki Baba yana tafiya, daga kai har ƙafa, ya je ya dawo, ya zauna. Bidiyon irin wannan kyamarar, wayata ba ta buɗe shi. Kuma zai yi nauyi da yawa, sai an rage masa nauyi.

Tsohuwar kwamfutata tana cikin adakar Inna. Akwai wata manhaja a cikinta, ffmpeg, da ita nake gyara bidiyon majinyata lokacin ina aiki a Sakkwato. Ba ta da maɓallan dannawa, rubuta mata umarni ake yi. Ka sa bidiyon cikin foldar da na rubuta wa Bidiyo. A fuskar kwamfutar akwai wata baƙar alama, ka danna ta, baƙin allo zai buɗe. Sai ka rubuta wannan, ka danna Enter:

ffmpeg -i baba.MTS -vf scale=-2:720 baba.mp4

Shi ke nan. Zai fito maka da sabon fayil ƙarami, baba.mp4, shi za ka turo mini.

Ka gaishe da Inna, ka ce wa Baba ina yi masa addu'a kullum.

Yayarka,
Kubra


Illela, Laraba

Zuwa ga Yaya Kubra,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna da Iklima suna gaishe ki. Jikin Baba da sauƙi. Na san kin hana ni faɗin haka, amma ban san wata kalmar ba. Zafi ya shigo sosai, albasa kuma ta fara cika kasuwa, tun da safe nake rumfa ina awo.

Kafin in shiga maganar kwamfuta, akwai abin da za ki warware mana. Na karanta wa Inna wasiƙarki daga farko har ƙarshe. Da na zo inda kika ce zai yi nauyi da yawa sai an rage mishi nauyi, Inna ta ce ai dama ta faɗa, zaman nan da yake yi ya sa ya fara ƙiba. Tun ranar ta raba malmalar tuwonsa biyu. Baba ya ce mi ya yi? Ta ce Kubra ce ta aiko daga Malesiya. Ni na ɗauka bidiyon kike nufi, amma da Inna ta dage sai na sake karantawa, na ga ana iya fahimtarsa haka ma. Wanne ne?

Na aro kyamarar. Tsakar gidanmu kin san ba faɗi, in na ja baya in samu kansa sai ƙafa ta fita, in na samu ƙafa sai hula ta fita. Sai na kwantar da kyamarar a gefenta, duk ya shiga.

Baƙin allon nan, Yaya, ya ba ni wahala. Na rubuta abin da kika ce. Wannan -i ɗin na ɗauka amsa ce kike ba ta tun kafin ta yi tambaya, amma dai na sa shi. Da na danna sai ta zubo mini Turanci ya cika allo, a ƙarshe ta ce No such file. Na fita daga baƙin allon na duba foldar, ga fayil nan ina ganinsa da idona. Na sake rubutawa, ta sake cewa babu. Sai washegari na lura ashe sunansa ba baba ba ne, wasu lambobi ne kyamara ta sa mishi. Na canza mishi suna, ta yarda.

Amma na gyara miki kuskure guda. Kin rubuta -2. Tun ina yaro nake awo, ban taɓa ganin faɗin da bai kai sifiri ba. Na ce hannunki ne ya zame, sai na sa 720:720, don kowane ɓangare ya samu daidai.

Ta fara aiki, lambobi suna gudu a ƙasa, kwamfutar ta yi zafi tana huci kamar injin niƙa. Na ce na ƙona miki kaya. Na sa Iklima ta tsaya tana yi mata fifita har ta gama.

To abin da ya fito ban san yadda zan gaya miki ba. Baba yana tafiya a kwance, kamar ƙadangare jikin bango. Kuma ya gajarce ya yi faɗi, wuyansa ya ɓace. Inna ta leƙo ta gani, ta ce, "Ka gani ko? Wagga ƙiba ai ta yi yawa." Yau ko rabin malmalar ma da ƙyar ta ba shi.

Na hau rufin rumfar wani abokina kusa da 'yan canji, nan ne sabis ya fi ƙarfi, na turo miki. Ki duba ki gaya mini ko kwamfutar ce ta lalace.

Ƙanenki,
Boyi


Malesiya, Juma'a

Boyi,

Salam. Na samu wasiƙarka da bidiyon, na gode, Allah Ya yi maka albarka. Ina fata kowa lafiya. Na yi dariya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, daga baya kuma na zauna na yi kuka, domin ko a gajarce ko a kwance, Baba ne, kuma yana tafiya da ƙafarsa.

Da farko dai, don Allah a mayar wa Baba tuwonsa. Bidiyon nake nufi. Gishiri kawai Inna za ta rage, da man shanu.

Kwamfutar ba ta lalace ba. Wannan -2 ba kuskure ba ne. Ma'anarsa, "ni na faɗi tsawo, ke ki lissafa faɗin da ya dace da shi". Da ka sa 720 sau biyu sai ka tilasta wa hoto mai tsawo ya shiga akwati mai kusurwa huɗu daidai, dole ya matse. Kwanciyar kuma kai ka kwantar da kyamara. Ba laifi, ana juya shi.

Amma sai ka sake ɗauka. Babbar rigarsa ta rufe ƙafafun, na karkata kaina na ga dai hagun yana ja, ban ga gwiwa ba, ban ga idon sahu ba. Ya sa 'yar shara, ka naɗe masa wando zuwa gwiwa. Ku samu wuri mai haske. In ya zauna, Inna ta miƙa masa wani abu ya karɓa, ina son ganin hannuwan.

Ga sabon umarnin. Ka kwafe shi yadda yake, har da alamomin zancen, kada ka gyara mini komai:

ffmpeg -i baba2.MTS -vf "transpose=1,scale=-2:720" baba2.mp4

Kalmar transpose ita ce mai juya hoton. Idan ya fito kansa a ƙasa, ka canza lambar da ke gabanta.

Kada ka sa Iklima fifita, kwamfutar zafin aiki take yi.

Yayarka,
Kubra


Illela, Litinin

Yaya Kubra,

Salam, muna lafiya, ina fata ke ma haka. Ki yi haƙuri da jinkiri. Baba ne ya ƙi. Ya ce shi dattijo ba zai naɗe wando a ɗauke shi kamar mai shiga fadama ba. Sai da Inna ta mayar mishi da tuwonsa, ta kuma lallashe shi har mako ya zagayo, sannan ya yarda. Mun ɗauka ta bayan gidanmu, wajen garken awaki, can ne haske ya fi.

Wannan karon na ci nasara. Da farko ya fito kansa a ƙasa kamar yadda kika ce, na canza lambar, ya miƙe tsaye cak, tsawonsa daidai, wuyansa ya dawo. Fayil ɗin kuma ya yi ƙanƙanta, bai daɗe ba ya tafi.

Gobe da safe zan shiga Nijar, zan je Galmi neman irin albasa, zan kwana biyu. Layina ba ya aiki a can. In na dawo zan duba amsarki.

Boyi


Malesiya, Laraba

Boyi,

Salam. Ina kake? Na kira ka har na gaji. Wayar Inna ta shiga sau ɗaya, ban ji komai ba sai "mi? mi?" ta katse.

Me ya samu Baba tsakanin bidiyon farko da wannan? Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ƙafar DAMA ce yake ja. Hannun dama ne a lanƙwashe a jikin cikinsa, bakinsa ma ta dama ya ɗan sauka. Na maimaita kallo ban san iyaka ba, na ce ko idona ne. Sai na zo inda Inna ta miƙa masa kofin fura. Boyi, da hagu ya karɓa, da hagu ya sha. Baban da ya taɓa ƙwace mini ƙosai don na karɓa da hagu. Ba abin da zai sa ya yi haka sai in daman ta mutu.

Wannan alamar ciwon ya sake bugunsa ne, ta ɗaya ɓangaren. Abin da ban gane ba shi ne hagun, sai na ga kamar ya warware sarai, kuma bai kamata ya warware da sauri haka ba. Ko don na gan shi kusa da daman ne. Ban sani ba. Kaina ya ɗaure, amma ba abin jira ba ne. Irin wannan ba a kwana da shi.

Na samu Kawu Mannir a Sakkwato, na gaya masa komai. Ya ce zai taho da mota da kansa ya kai Baba babban asibiti a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. In ka ga wannan saƙon, ka bi su can kai tsaye.

Na je wurin malamin da ke duba aikina, ya ba ni izini. Na sayi tikitin jirgi, zan sauka Kano ranar Asabar ta sama.

Ku da kuke tare da shi kullum, ta yaya ba ku gani ba?

Kubra


Illela, Lahadi

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida jiya. Baba yana nan da ransa da lafiyarsa, ki kwantar da hankalinki ki karanta har ƙarshe, ko ke za ki gane abin da ya faru, don ni har yanzu ban gane ba.

Ina tsallako iyaka daga Ƙwanni wayata ta fara kuka, saƙonni suna shigowa a jere. Ina kan babur na karanta naki, na ce wa mai babur ya wuce gida. Na tarar da Iklima ita kaɗai tana hawaye, maƙwabta sun cika zaure suna jaje. Ta ce Kawu Mannir ya zo ya tarar da Baba zaune gindin darbejiya yana sauraren rediyo. Baba ya ce, "Mannir, lahiya?" Kawu ya ce ya tashi a tafi asibiti. Baba ya ce, "Wa ba ya da lahiya?" Kawu ya ce kai. Baba ya ce shi bai sani ba. Inna ta fashe da kuka, aka ɗauke shi aka sa a mota yana cewa a bari ya ɗauki hularsa.

Na bi su Sakkwato. Duk hanya ina tunani. Ni na ɗauki bidiyon nan, ban ga wani sabon abu ba. Amma ke ce kika karanta, ni albasa na sani. Da na isa na zauna gabansa na ƙura mishi ido, sai na ga lallai hannun da ya lanƙwashe yana ta damata. Na tashi na koma bayansa, sai ya koma hagu. Yaya, na tsaya a ɗakin nan ina ɗaga hannuwana ɗaya bayan ɗaya, har wata nas ta tambaye ni ko ni ma majinyaci ne.

An yi hoton. Likita ya ce ba sabon abu, tabon wancan na farko ne kawai. Ya sa Baba ya matse mishi yatsu da dama, Baba ya matse har likita ya ce ya isa. Ya tambaya wa ya ce ciwon ya dawo? Na ce 'yarsa, ita ma ma'aikaciyar lafiya ce, a bidiyo ta gani. Na buɗe mishi a wayata. Ya kalla, ya kalli Baba, ya sake kallo. Ya ce yaushe aka ɗauka? Na ce Litinin. Aka kira shi wurin wani majinyaci, ya tafi yana cewa shi dai abin da ke gabansa ya sani.

Sai Baba ya ce a ba shi ya ga abin da aka ɗauko shi dominsa. Bai taɓa kallon bidiyon ba. Na riƙe mishi wayar. Yana ta kallo har aka zo wurin fura. Ya ture hannuna.

Ya ce, "Wanga ba ni na ba."

Na ce, "Baba, kai ne mana, ga 'yar shararka."

Ya ce, "Ni Halliru, in sha hura da hagu? Tun da uwata ta yaye ni ban yi ba."

Inna ta ce ita ma dai ta san a dama ta sa mishi kofin. Kawu Mannir ya ce to hoto ai ba ya ƙarya. Baba ya ce a mayar baya. Na mayar. Ya nuna da yatsa ya ce, "To gidan wa na wanga? Garkena yana gabas da rijiya. Wa ya kai shi yamma?"

Na duba, wallahi gaskiyarsa. Garke ya tsallaka, rijiya ta tsallaka, har ƙofar baya ta koma ɗaya gefen. Kawu ya ce ko dai Mukhtari ya ba ni kyamara mai matsala. Inna ta ce a daina kallon abin nan, ita tsoro yake ba ta.

Na je na duba na asali da ke cikin kyamara. In na karkata kaina, da dama yake sha. A cikin wanda na turo miki, da hagu. Fura ɗaya ce, Yaya, sau ɗaya ya sha.

Ban gyara miki komai ba wannan karon, na rantse. Lambar kawai na canza, kamar yadda kika ce. Na sa 1, kansa ya koma ƙasa. Sai na yi lissafi: in juyi ɗaya ya kai kansa ƙasa, juyi biyu zai sake kwantar da shi ta ɗaya gefen, juyi uku ne zai miƙar da shi. Na sa 3, ya kuwa miƙe. Ina kuskuren yake?

Kin tambaya ta yaya ba mu gani ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni nake yi mishi wanka.

Ƙanenki,
Boyi


Malesiya, Litinin

Ƙanena Boyi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wasiƙarka a tsaye cikin jirgin ƙasa.

Ka yafe mini wannan tambayar. Tsoro ne ya rubuta ta. Kai kake ɗaga shi kake kwantar da shi, ni ina nan ina ba da umarni daga nesa.

Lissafinka daidai ne, manhajar ce ba haka take ƙirga ba. Na je na karanta bayaninta. Lambobin ba yawan juyi ba ne, kowace sunan wani aiki ce. 1 juyi ne ta wannan gefe, 2 juyi ta wancan. 3 kuwa tana juyawa, sannan ta kifa hoton kamar a madubi, dama ta koma hagu. Ni 1 da 2 kawai na taɓa amfani da su, a zuciyata 2 nake nufi, sai na rubuta maka "ka canza lambar" ban faɗi wacce ba.

Garken kuma na gan shi. Na ga rijiyar ma. Na ɗauka gyara kuka yi bayan tafiyata, tunda ka taɓa ce mini an sake katangar baya. Gidan da aka haife ni ya juye a gabana, ban tsaya na yi tambaya ba.

Ka sake yi da 2, ka turo mini, in tsara muku motsin da za a riƙa yi masa. Ka ba Kawu Mannir haƙuri, zan kira shi ni ma. Baba kuwa ban san da wane baki zan yi masa magana ba. Yana fushi da ni?

Maganar tikiti: tunda ba gaggawa, ina tunanin in ɗaga tafiyar zuwa bayan na gama rubutun digirina, watakila bayan damina. Malamina ya ce zaɓi nawa ne, amma na ga alamar ya fi son in zauna. Ban yanke ba tukuna. Me ka gani?

Yayarka,
Kubra


Illela, Laraba

Yaya Kubra,

Salam. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci. Na yafe, ba komai. Kawu ma dariya yake yi yanzu, ya ba kowa labari a masallacinsu.

Na yi da 2. Ya miƙe, garke ya koma gabas, fura ta koma dama. Ga shi nan na haɗo miki. Na karanta bayaninki na madubi, na bi shi a hankali, na ce na gane. Da na zo yi wa Inna bayani sai ya sake kuɓuce mini. Ta ce in madubi ne, ina madubin yake? Na ce cikin kwamfuta. Ta ce in mayar mata da ita cikin adaka in rufe.

Wannan bidiyon shi ne na ƙarshe da za ki samu. Na ce wa Baba za mu riƙa ɗauka duk mako don ki ga ci gaba. Ya ce a mayar wa Mukhtari kayansa. Ya ce an gajarta shi, an kwantar da shi, an hana shi tuwo, an sa shi ya sha da hagu, ya isa haka. Na ce kina tambaya ko yana fushi da ke. Ya ce, "Da wa? Ɗiyar da ta ga hannuna daga wata duniya ta tada mota tun daga Sakkwato?" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma idonta bai da kyau daga nesa."

Ban gaya mishi maganar ɗaga tafiya ba. Ranar da muke asibiti Kawu ya riga ya ce mishi kin sayi tikiti. To tun shekaranjiya, in ya idar da sallar walha, sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai taɓa wuce zaure da ƙafarsa ba tun da ya kwanta. Ranar farko ya kai bakin masallaci ya dawo. Jiya ya kai wurin mai shayi. Yau na bar rumfa na bi bayansa, ya kai har layin 'yan canji, gumi ya jiƙa mishi riga, suka ba shi benci ya zauna suna ta yi mishi barka.

Na ce, "Baba, ina za ka haka?"

Ya ce, "Tasha. Ina auna hanya."

Na ce ai in kin zo da mota za a kawo ki har ƙofar gida. Ya ce bai tambaye ni ba.

Kin ce mi na gani. Ni ban san karatunki ba, ban san abin da za ki rasa in kin taho ba, ba zan ce miki ki bar shi ba. Amma gobe ma zai fita. Mi zan gaya mishi?

Boyi


Malesiya, Alhamis

Boyi,

Salam. Na ga bidiyon. Gwiwar ta fi yadda na zata, idon sahun ne ke son aiki, zan nuna maka da hannuna.

Ban taɓa tikitin ba. Zan kwana Kano ranar Asabar, in kamo hanya da sassafe, in sha Allahu kafin Magariba ranar Lahadi ina Illela. Ranar kasuwa ce, tasha za ta cika, ka tafi masa da kujera. Ka tsaya ta hagunsa, kusa sosai. Kada ka riƙe shi sai in ya nema.

Kubra